Awakin Matar Fasto

Shafi na 19

Sannunku da haƙuri, jikokina. Wuta ce aka ɗauke mana, wayar ta kwanta kamar gawa, ina kunna ta na tarar kun cika ni da "Kaka, ina labari?" To ku gyara zama. Wanda ya shigo yau, ga inda muka kwana: Fasto Filibus, mai kula da 'yan majami'u uku na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, an kira shi ganawa a wata makarantar tauhidi a Jos domin digiri na biyu. Abin da ya rage masa shi ne dattawan ikilisiya su sake shi. Shugabansu kuwa, Baba Maitama tsohon maƙeri, tun da aka fara maganar bai ce uffan ba.

*

Ranar Lahadi ce, an tashi daga sujada. Matan zumunta sun kwashe tulunan kiɗansu sun kai ɗaki, yara sun watse, dattawa suka ja benci zuwa gindin dogon yaron da ke tsakanin majami'a da gidan fasto.

Afiniki, matar Filibus, tana madafa tana tace kunun zaƙi.

Ba laɓe take yi ba, Allah ya sani. Katangar ce gajera.

"Baba, hanya biyu ce," ta ji mijinta yana cewa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. "Akwai digiri na biyu na hidima. Wannan shekara uku ne. Ana koyon wa'azi, da kiwon ikilisiya, da yadda ake zama da mara lafiya ko ma'auratan da suka saɓa. Akwai kuma na bincike. Shi shekara biyu ne, amma ya fi cin rai. Sai ka karanta Sabon Alkawari da Helenanci, Tsohon Alkawari da Ibrananci. Ka ɗauki magana guda ka bi ta har gindinta, ka rubuta kundi, sannan ka tsaya gaban malamai ka kare shi."

"Ka kare shi?" in ji Baba Mudi, dattijon da ke zuwa daga Zurmi. "Duka za su kai mashi?"

"Da tambayoyi, Baba Mudi."

"Ai gara duka."

Aka ɗan yi dariya. Afiniki ta kasa kunne ko za ta ji ta Baba Maitama a ciki. Babu.

"To mi suka biɗa wurinka?" Baba Mudi ya sake tambaya.

"Digiri na farko, na kai musu. Shekarun hidima, na wuce abin da suka yanka. Na zauna jarrabawar shiga, na ci. Na rubuta musu yadda Ubangiji ya kira ni. Malamaina biyu na dā sun tsaya mini. Abu ɗaya ya rage kafin ganawar ranar Laraba: ku sa hannu a takarda, ku ce kun sake ni da zuciya ɗaya. In babu wannan, ko ƙofar ɗakin ba za a buɗe mini ba. Sun ce ba sa karɓar makiyayin da ya tsallake garke ya gudu."

"To sun yi hankali."

Baba Maitama ke nan. Muryar nan tasa mai kauri, wadda hayaƙin maƙera ya dafa.

Afiniki ta ajiye rariya.

"Cikin hanyoyin nan biyu," in ji tsohon, "wace kaz zaɓa?"

Filibus ya gyara gilashinsa.

"Ta bincike, Baba."

"Awo. Na sani."

"Baba, bari in yi bayani..."

"Bayanin mi? Mai hidima shi ka dawowa ƙauye. Mai bincike allo shika nema da ɗalibai, da ofis mai fanka. Ko ni da ban yi boko ba na san wanga."

"Ba kowa ba, Baba."

"Wa za shi yi muna sujada?"

"Gunduma ta yi alkawarin aiko mai bishara daga Gusau. Ni kuma duk hutu ina nan."

"Haka anka ce wancan karo."

Kowa a wurin ya san wancan karo. Ko Afiniki da ta zo garin daga Malumfashi a bayan abin, ta ji labarin Fasto Barnabas, wanda ya tafi karatu na shekara biyu, yau ana neman shekara goma sha wani abu ba a ga ƙeyarsa ba.

"Fasto," in ji Baba Maitama. "Tambaya guda za ni yi ma. Ina awakin matarka?"

Afiniki ta matso jikin katanga.

"Awaki?" in ji Filibus.

"Awaki. Masu ƙafa huɗu. Su ka cin dusa."

"Suna... ina ji suna wurin Namadi Bafillatani."

"Kana ji."

Wayyo Filibus! Mutumin da wata biyu ke nan kansa na cikin baƙaƙen Helenanci. Ta gaya masa maganar awakin nan yana cin tuwo, ya ce mata "to, madalla," ashe ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Da cewa ta yi ta sayar da rufin ɗaki, madallar dai zai ce.

"Ran Alhamis ina zaune bakin maƙera," in ji tsohon, "da idona na ga Namadi ya koro su. Jar nan mai ciki, da baƙar, da 'yar budurwar. Yab bi hanyar Shinkahi da su. Ran Alhamis, Fasto. Ran kasuwa."

Baba Mudi ya yi gyaran murya. "Nima an faɗa min."

"Ka ji ko? Har Zurmi ta sani. Fasto na iya barin littattafanshi, yana iya barin babur, shi ce zai dawo. Amma ran da matar fasto tas sayar da awakinta, to an gama. Mace ba ta rabuwa da akuya sai ta san ba ta sake kwana garin. Haka matar Barnabas tay yi. Mu muna ta addu'ar Allah shi kai su lahiya shi maido su, ashe awaki sun daɗe da zama kilishi."

Afiniki ba ta san sa'ad da ta ɗauki tiren kunu ba. Ta gyara ɗankwali, ta fito, ta zagaya katanga, ta durƙusa ta ajiye a gabansu.

Ba ta tashi ba.

"Baba, a ba ni izini."

"Maman Murna," in ji Baba Maitama, "zaman dattawa ne wanga."

"Na sani, Baba. Amma awakina aka ambata, ba na dattawa ba."

Baba Mudi ya kai kofi baki don ya ɓoye murmushi.

"Hwaɗi," in ji Baba Maitama.

"Ban sayar ba. Kiwo na bayar. Tasalla matar Namadi na ba, rugarsu ce ke kan hanyar Shinkafi."

Tsohon ya dube ta. Ba da fushi ba. Da wani irin tausayi da ya fi fushi ciwo.

"Ɗiyata, matar Barnabas ma cewa tay yi ajiya ta kai."

"Baba, ni ba ƙarya nake..."

"Ban ce kina ƙarya ba. Ita ma sa'ad da tah hwaɗi, ina ji har ranta ta yarda da abin da taka hwaɗi. Jos ce. Jos ba ta maido mutum."

"Baba," in ji Filibus, "ni ba Barnabas ba ne."

"Shi ma ba Barnabas ba ne sa'ad da yat tahi!"

Sandarsa ta bugi ƙasa. Kajin da ke kiwo a gindin bishiya suka watse.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, hannun nan da tartsatsi ya yi wa zane ko'ina. Da ya sake magana, muryar ta sauka.

"Ku yara ba ku san komi ba. Mudi ya sani, yana nan. Damina ta biyu da tahiyar Barnabas, Bilhatu tar rasu."

Bilhatu matarsa ce, uwar zumuntar mata ta dā. Afiniki ba ta riske ta ba, amma ba a yin Lahadi ba a rera waƙarta a majami'ar nan ba.

"Da asuba tac cika. Mai bisharan da anka aiko muna ya daɗe da komawa, wai sauro. Nik kira Barnabas a waya. Nic ce, Fasto, uwarka ta tahi, wadda ta ka yi ma dambu. Yay yi kuka, ban hana mashi wanga ba, ya yi kuka. Sannan yac ce, Baba, yau nika kare kundina. Yau ɗin nan. In na taso, shekara biyu ta zube."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Maƙwabtana Musulmi su sunka gina kabarin. Liman da kanshi ya aiko 'ya'yanshi da diga. Sunka gama, sunka koma gefe sunka tsaya, don sun san sauran namu ne. Sauran kuwa babu mai yi. Ni na buɗe Littafi. Ga ruwa na zuba, ga idona bai gani, ga karatun nawa na yaƙi da jahilci ne. Na kai 'Ni ne tashin matattu,' nik kasa wucewa. Sau nawa ina komawa. Daga ƙarshe na ruhe Littafin nic ce a zuba ƙasa."

Ya share fuska da hannun riga.

"Matar da tay yi wa kowa waƙa a garin ga, ko aya guda ba a ƙare mata ba. Saboda kundi."

Hawaye ya zubo wa Afiniki. Filibus ya sunkuyar da kai, gilashinsa a hannu.

"Ni saura ƙiris gare ni," in ji Baba Maitama. "Ban son Mudi shi tsaya kaina yana kokawa da aya. Ban sa hannu, Fasto. Ka yi haƙuri."

To jikokina, a nan ne Afiniki ta ga abin ya ƙare. Ta tuna daren da mijinta ya dawo daga Zurmi a jiƙe, ya shanya littafin Helenancinsa kafin ya shanya rigarsa. Ta tuna yadda yake bin ta madafa yana karanta mata abin da ba ta tambaye shi ba. Mutumin nan karatu ne abincinsa. Kuma ta san shi: in dattawa suka ce a'a, ba zai yi gardama ba. Zai naɗe abin ya sa a ƙarƙashin zuciya, ya ci gaba da hawa babur, yana murmushi, yana ramewa.

Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Salamu alaikum, masu gida! A sha nono, a sha hura!"

Sai ga Tasalla ta ɓullo ta bayan majami'a, ƙwarya bisa kai, faifai a rufe, tana taku kamar ba ita ta sha rana daga ruga ba. Duk Lahadi takan biyo idan an tashi, don ta san ranar ce mutane ke da ƙishi da 'yan canji.

Ta ga fuskoki, ta ja birki.

"Subhanallahi. Rasuwa anka yi?"

"A'a," in ji Baba Mudi. "Shawara muka yi."

"Shawara da hawaye? To Allah shi kyauta." Ta sauke ƙwarya, idonta ya faɗa kan Baba Maitama. "A'a, bawana! Kana nan? Ina laujen da nib ba ka gyara tun kaka?"

Kun san tsakanin Bafillatani da maƙeri, wasa ne tun na kakanni, ko a gidan makoki ba a fasawa.

"Tahi can," in ji tsohon, murya a dishe. "Nonon da rabi ruwan rijiya ne."

"Ruwan ma ka biya? Kai da ƙarfenka rabi tsatsa." Ta juya wurin Afiniki, fuskarta ta washe. "Ƙawa, goron albishir! Tun bakin hanya nika riƙe da shi, kamar shi ƙone min baki."

"Fari ƙal," in ji Afiniki, tana share ido.

"Jarki ta sauka jiya da hantsi. Biyu! Mace da namiji. Macen kamar an tsaga kara da uwar. Namijin kuwa baƙi, mummuna, mai gardama, na sa mashi suna Maitama."

Baba Mudi ya ƙware da kunu.

Baba Maitama bai yi dariya ba. Ya karkato da kai a hankali.

"Ke Tasalla."

"Na'am, bawana."

"Akuyar wa tah haihu?"

"Ta Maman Murna mana."

"Ba Namadi ya saye su ba?"

"Saye?" Ta riƙe haɓa. "Da wane kuɗi? Kuma in saye munka yi, mi za shi kawo ni in yi mata albishir? Ka taɓa ganin wanda yas sayi akuya ya koma yana gaya ma mai ita ta haihu? Ka tsufa, maƙeri, al'ada ma ta zube maka."

"Ran Alhamis na ga ya bi hanyar Shinkahi da su."

"To ta sama za shi bi? Can gidanmu yake! Ran Alhamis ɗin ma don ya samu abokan tahiya ne, ka san yadda hanya take yanzu, ba a bin ta mutum guda."

Tsohon ya ce, "Wace yarjejeniya kunka yi?"

"Irin wadda uwarka da uwata sunka sani. Haihuwar fari tawa, ladan kiwo. Ta biyu mu raba. Ta uku in haɗa uwa da 'ya'ya in koro mata har ƙofar gida. Uwa dai tata ce, ko shekara nawa."

"In ba ta dawo ba hwa?"

Tasalla ta dube shi kamar ya yi saɓo.

"Ta bar min amana a wuya in mutu da ita? Ai na gaya mata gaban Namadi: in kin san ba ki dawowa, kai su kasuwa, kar ki ɗora min. Tac ce, Tasalla, ko ba don kowa ba, don jar nan sai na dawo. Kai ba ka ga ta riƙe igiyoyinta ba?"

"Igiya?"

"Wanda yas sayar, da igiya shika bayarwa. Namadi da tamu igiyar yaz zo."

Baba Maitama ya dafa sanda ya miƙe. Ya taka zuwa gajeriyar katangar nan, ya leƙa cikin gidan fasto.

Ga rumfar awaki an share ta fes. Ga turaku uku a kafe, ba a tumɓuke ko ɗaya ba. Ga igiyoyi uku a naɗe, an rataye su a ƙarƙashin rufi inda ruwa ba zai taɓa su ba.

Ya daɗe a wurin.

Da ya dawo ya zauna, Afiniki ya fara kallo.

"Maman Murna."

"Na'am, Baba."

"Wato kin ba da kiwo tun ba mu ce mun yarda ba."

Kunya ta rufe ta. "Baba, ruwa ne ya kusa. Tasalla ta ce in an yi shuka an ɗaure dabbobi, ba a koro su ta cikin gonakin mutane. In na jira ku, sai kaka."

"Kuma in munka ce a'a?"

"Sai in zauna shekara biyu ba akuya, ina ganinku kuna shan kununa."

Wannan karon har shi sai da gefen bakinsa ya motsa.

"Kai kuma," ya juya ga Filibus, "malamin Helenanci. Awakin gidanka ba ka san inda sunka kwana ba, kai ne za ka binciko abin da ya ɓace tun zamanin manzanni?"

"Na karɓi laifina, Baba."

"To mi za ka bincika? Hwaɗa min da Hausa."

Filibus ya mayar da gilashinsa.

"Baba, tun ɗazu nake so in faɗa. Shekarar farko ce kawai a aji. Ta biyu rabinta a nan zan yi ta, domin abin da zan bincika a nan yake. Waƙoƙin matan zumunta na ƙasar nan. Na Ƙaura, na Shinkafi, na Zurmi, har na tsofaffin da suka taso daga Sakajiki. Mutanenmu da yawa ba su karanta Littafi ba, Baba, rera shi suka yi. Abin da suka sani game da Allah, da mutuwa, da zama da maƙwabci, yana cikin waƙoƙin nan. Ba wanda ya taɓa rubuta su. Tsofaffin suna tafiya da su ɗaya bayan ɗaya. Na hidima ba zai ba ni damar wannan ba, shi ya sa na zaɓi na bincike."

"Waƙar daka za ka kai gaban masu digiri?"

"Sun karanta abin da na tsara, sun ce in zo mu yi magana. Kuma fiye da rabin waƙoƙin da na tara, Baba, na mutum ɗaya ne."

Bai faɗi sunan ba. Ba sai ya faɗa ba.

Afiniki ba ta shirya ba. Bakinta ne kawai ya buɗe, a hankali, yadda matan suke yi in ana jiran a fara sujada:

"Ya Mai Ceto, ga ni bakin rijiya,
Guga na hannu, igiya ta gaza,
Kai da ka san zurfin ruwa,
Ƙara min kamu guda."

Tasalla, da ke durƙushe tana dama fura, ta ɗago kai. "A'a! Wagga ai ta Inna Bilhatu ce. Ita taka yi in ta zo awon nono. Har yau in ina jan ruwa sai in ji ta a bakina."

Baba Maitama ya rufe ido.

"Kin ɓata ta," ya ce wa Afiniki can. "Ba 'kamu guda' ba ne. 'Ƙara min taƙi guda.' Cewa tay yi kamu ya yi yawa, kar ta roƙi Allah abin da ya wuce buƙata."

Filibus ya laluba aljihu yana neman biro.

"Ka gani, Baba? Wa zai gaya mini wannan in ba kai ba?"

"Akwai baiti biyu bayan wanga da matan nan ba su sani ba. A maƙera taka yi min su."

"Za ka ba ni?"

"Sai ka dawo."

Baba Mudi ya ajiye kofi. "Maitama, wato ka yarda ke nan?"

Tsohon ya jawo sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ɗora haɓa a kai.

"Ku saurara da kyau, don kar gobe a ce ban hwaɗi ba. Wancan karo sayarwa munka yi ba mu sani ba. Munka kai mutum tasha, munka ba da shi har da igiya. Wanga karo kiwo za mu ba da. Su sha nonon, su ɗauki haihuwar fari, kundin nan su aje a ɗakin karatunsu, halalinsu ne. Amma uwa tamu ce. In lokaci ya yi, a koro muna abinmu har ƙofar gida."

"Amin!" in ji Baba Mudi.

"Allah shi sa albarka," in ji Tasalla. "Yau maƙeri ya yi magana kamar mutum."

Afiniki ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Filibus ya zame daga benci ya durƙusa, ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Sai da ya nisa sannan ya ce, "Bari in ɗauko takardar, Baba."

"A'a."

Kowa ya tsaya.

"Ban sa hannu nan."

"Baba, ranar Laraba ce fa..."

"Na ji. Ke Tasalla, da Maman Murna za ta ba ki awaki, aike tay yi?"

"Ina! Da ƙafarta taz zo. Sai da tad duba garke, tad duba rijiya, har dusa tas sa hannu ta shinshina."

"To kun ji. Mai ba da kiwo da ƙafarshi shika zuwa, shi ga hannun da za shi riƙe mashi. Da ni za a Jos. Gaban malaman nan za ni sa hannu, in gaya masu yarjejeniya baki da baki."

Baba Mudi ya tuntsire da dariya. "Kai da ko Gusau sai an yi maka addu'a!"

Afiniki ma dariyar ta fara, sai ta dubi mijinta.

Filibus ba ya dariya. Fuskarsa ta yi irin yadda takan yi in ya ɓoye mata cewa babur ya kayar da shi.

"Baban Murna, lafiya?"

Bai dube ta ba.

"Baba," ya ce, "akwai abin da ban gaya muku ba. Ko ita ban gaya wa ba. Na ji tsoron in na faɗa, maganar ta mutu tun ba a fara ba."

"Muna ji."

"Malamai uku ne za su zauna ganawar. Babbansu, wanda in an ɗauke ni shi zai duba kundina..."

Ya ɗago ya dubi tsohon.

"Dakta Barnabas ne."

Ludayin Tasalla ya tsaya cak a cikin ƙwarya.

"Da na je jarrabawa, shi ya neme ni," in ji Filibus da sauri. "Ya ga an rubuta Ƙaura Namoda. Bai tambaye ni Helenanci ba, bai tambaye ni komai ba. Cewa ya yi, Baba Maitama yana nan da rai? Na ce yana nan. Sai ya cire gilashi ya juya mini baya. Ya ce sau uku yana zuwa tashar mota, kunya tana mayar da shi."



Afiniki ta zuba wa tsohon ido. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ga yatsunsa sun matse sandar har sun yi fari.

Sannan ya sake ta a hankali.

"Maman Murna."

"Na'am, Baba."

"Aika gidana a ɗauko babbar rigata, shuɗiyar nan da Bilhatu tad ɗinka min. A wanke ta, a buga."

Ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Akwai ayar da Barnabas bai zo ya ƙare min ba."